Ranar da Baƙuwarmu Ta Tsallake Dangwali

Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in na ɗaga hannun hagu zan shanya zanin gado sai haƙarƙarina ya tuna mini. Ciwon ma da sauƙi. Abin da ya ƙi barina shi ne tunanin ranar. Jiya na fasa kofi a kicin, mai dafa abincinmu ta dube ni ta kau da kai. Ita ce ta ce in rubuta abin ko zai fita daga kaina, shi ne na zauna.

Ina aiki a masaukin baƙi na jami'a a nan Dutse. Shara, gyaran ɗaki, kai shayi. Baƙin da ke sauka wajenmu galibi masu bincike ne daga ƙasashen waje, wani ya yi wata biyu, wani shida. Da yake na gama sakandare kuma Turancina ba laifi, ni suke tsayarwa su tambayi yadda ake gaisuwa ko sunan wani abinci. Duk ranar Asabar akwai wani malami, Dakta muke ce masa, da yake kwasarsu a ƙaramar bas ya kai su ganin gari. Sun hau duwatsu, sun je gonar dabino, sun je kallon kokawa a Aujara. Har kasuwar Shuwarin ya taɓa kai su ranar da take ci, suka dawo da tabarmi da huluna kamar za su buɗe shago.

Ni kuwa 'yar ruga ce. Gidanmu yana can bayan Kiyawa, in ka bar kwalta ka tsallake wani rafi. Zuwana Dutse ma da ƙyar aka yi shi. Baffa, yayan mahaifina, cewa ya yi ba a taɓa yi ba, 'ya mace ta je tana gyara wa ƙattin duniya gado. Goggo ce ta tsaya mini, ita ce babbarsu duka, kuma a hannunta na tashi. A ƙarshe Baba ya yarda in yi aikin, in riƙa karatun jarrabawar shiga jami'a da yamma. Amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa: ranar da aikin nan ya jawo wa gidan abin magana, ranar zan dawo, ba kuma za a sake tayar da zancen ba.

Ba ni ya faɗa wa ba, Goggo ya faɗa wa ina zaune. Ni ce 'yar farinsa, kuma a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma yi masa magana kai tsaye. Tun da na yi wayo, "waccan" nake a bakinsa. "A ce wa waccan ta kawo ruwa." Ban taɓa jin haushi ba, haka na tarar.

Wata Laraba Dakta ya tsayar da ni a baranda.

"'Yata, an ce ke 'yar Fulani ce, gidanku akwai shanu?"

"Eh, Dakta."

"Baƙin nan sun dame ni suna son ganin yadda ake tatsa. Ba wanda aka shirya don kyamara ba, na gaske. Za ki roƙa mana mahaifinki?"

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na ce shanunmu sun tafi mashekari, kiwo can nesa. Amma daɗi ne ya kama ni. Na ga kaina a gaba ina bayani da Turanci, Baffa yana kallo. Na buga wa Goggo waya, ta kai maganar, bayan kwana biyu ta ce Baba ya ce baƙo ba a hana shi zuwa. Har na ƙara da wani roƙon: a dakata da tatsar safe sai mun iso, don su gani da idonsu. Na ce ƙarfe takwas muna can.

Ranar Juma'a na tara su a falo na yi musu darasi. Su huɗu ne, amma wadda na fi sabawa da ita wata Baturiya ce doguwa mai binciken ruwan rijiya. Mutuniyar kirki ce, ta iya "ina kwana" da "yaya gajiya", kullum da 'yar kwalbar man wanke hannu mai ƙamshin lemo a aljihunta, ko ƙofa ta taɓa sai ta shafa. Na ce musu kada a miƙa wa maza hannu sai sun miƙo. Kada a karɓi abu da hagu. Kada a ɗauki hoton mace sai an tambaya. Kada kuma, don Allah, wani ya tambayi Baba shanunsa nawa, ko ya nuna su da yatsa yana ƙirgawa. Baturiyar har rubutawa take yi a waya. Na kwanta ina ganin ban bar komai ba.

Ban faɗa musu maganar dangwali ba.

Dangwali igiya ce doguwa da ake kafewa a ƙasa da turaku biyu, an yi mata zarge-zarge a jere, a nan ake ɗaure maruƙa. Namu tun na kakanmu ne, in wani wuri ya tsinke sai a ƙara, ba a yarwa. A gidanmu ba a tsallake shi. Ko kana sauri, ko ruwa ake yi, zagayawa kake. Manya suna cewa wanda ya tsallake ya yanke wa garke albarka, nono ya ja baya, maruƙa su fara mutuwa. Malaminmu na Islamiyya ya taɓa cewa wannan ba ya cikin littafi, na kuma yarda da shi, amma ƙafata ba ta taɓa yarda ba. To abin da ƙafarka take yi da kanta, ta yaya za ka tuna ka faɗa wa wani? Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Ranar Asabar muka makara. An yi ruwa da asuba, motar ta kafe a laka kafin rafin, sai da mutanen wani ƙauye suka taimaka aka tura. Ba mu isa ba sai wajen goma. Tun daga nesa nake jin kukan shanu, na san kukan, na uwayen da hantsarsu ta cika ne ga 'ya'yansu a ɗaure.

Baffa ne ya fara tarbarmu, da sandarsa a kafaɗa.

"A'a, 'yan boko an iso? Mun ɗauka sai shanun sun koyi duba agogo tukuna."

"Baffa, ina kwana. Mota ce ta kafe."

"Lafiya lau. Su ma maruƙan tun asuba suka kafe."

Baba ya fito ya gaisa da Dakta da mazan, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Ni bai dubi inda nake ba, kamar kullum. Goggo ta ɗauko ƙwaryar tatsa tana yi wa Baturiyar dariya, wai wannan tsawo nata ko raƙumi sai ya ɗaga kai. Na fassara, kowa ya yi dariya, na ɗan samu natsuwa.

A can ƙarshen dangwalin akwai wani ɗan maraƙi fari, kwanansa biyu a duniya. Shi ya fi kowa kuka, muryar ma ta fara dushewa. Uwarsa wata farar saniya ce mai dogayen ƙaho, haihuwar fari, tana tsaye a bakin garke tana kai-komo, idonta a kansa. Wani dattijo a cikin baƙin ya tambayi Baffa irin ciyawar da shanu suka fi so da damina, Baffa ya shiga bayani mai tsawo, ni kuma ina tsakiya ina juyawa. Na ba wa dangwalin baya.

Shirun ne ya sa na waiwaya. Goggo ta daina magana, matan da ke bakin bukka sun daina. Baturiyar ta riga ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ta durƙusa a wancan gefen, ta rungume maraƙin tana shafa kansa da bayansa da hannu biyu, tana yi masa 'yar muryar da ake yi wa jarirai. Tausayi ne ya kai ta, na sani. Fuskarta ma murmushi take yi.

Sai na ji ƙasa tana motsi.

Ban ga lokacin da saniyar ta taso ba, na dai ga kanta a sunkuye, laka tana tashi a bayanta. Baturiyar ba ta gani ba, bayanta ta juya. Na buɗe baki, Turancin duk ya gudu, ko kalma ɗaya ban samu ba. Zagayawa ba lokaci. Na ruga, na tsallake igiyar nan da ban taɓa tsallakewa ba tun da aka haife ni, na hankaɗe ta da iya ƙarfina ta faɗi gefe. Ƙahon ya shiga hijabina ya keta shi, goshin saniyar ya same ni a haƙarƙari, na ji ni a ƙasa, bakina cike da laka. Na ga kofatonta dab da fuskata. Ta ja baya, ta sake sunkuyar da kai.

A nan ne na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, da ƙarfi, sau biyu, da muryar Baba. Shekarata ashirin ban taɓa jin yadda sunan yake fita a bakinsa ba. Ya shigo tsakanina da ita da sanda a miƙe, bai doke ta ba, ya dai riƙa kaɗa harshe yana yi mata magana da Fulatanci a hankali, har ta tsaya tana huci. Goggo ta kama ƙafata ta janye ni. Wani ya ɗaga Baturiyar, gwiwarta ta ɗan goge, ban da wannan ba abin da ya same ta.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba a ma fara ba.

Baba ya kwance maraƙin da kansa ya tura shi wajen uwar. Ya tafi yana tangaɗi, ya kai baki hantsa. Ta juyo ta shinshine shi, ta yi wani irin atishawa, ta kai masa harbi. Ya faɗi. Ya tashi ya koma, ta sa ƙaho ta ture shi. Na uku ma haka. Daga nan ta juya masa baya ta tafi can gefe ta tsaya.

Baffa ya kafa sandarsa a ƙasa.

"To ga shi nan. Mata biyu sun tsallake dangwali da safiya ɗaya, ɗaya ma 'yar gida. Saniya ta ƙi ɗanta a gaban idonmu. Me kuma ake jira a gani? Na faɗa tun farko, aka ce ni ne mai baƙin ciki da boko."

Goggo ta ce, "Da ba ta tsallake ba ai da yanzu gawar baƙuwa muke ɗauka."

"Da ba ta kawo su ba fa, Adda? Wa ya ce a riƙe nono har rana ta ɗaga? Wa ya san igiyar, ita ko su?"

Gaskiya ya faɗa. Dakta ya matso yana ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. Baba ya ɗaga masa hannu cikin ladabi ya ce baƙo ba ya laifi a abin da ba a faɗa masa ba. Sannan ya juya ya fuskanci garke, ya ce da Goggo, "A ba baƙi fura su sha. Waccan kuwa, in maraƙin nan bai sha nono ba, motar ta tafi ba tare da ita ba."

Na koma "waccan". Na zauna a kan turmi.

Baturiyar ta zo ta durƙusa a gabana, fuskarta ta yi ja, tana tambayar me ya ce, me ta yi. Da farko na ce mata cewa ya yi ku sha fura. Ta ce a'a, ta ga fuskata. Sai na faɗa mata duka, igiyar da sharaɗin da aikin da jarrabawar. Ta rufe baki da hannu ta fara kuka. Ta ce bari ta je ta roƙe shi, na riƙe mata riga na ce don Allah ta zauna, roƙon zai ƙara ɓata abin.

Aka tatsi sauran shanun, ba wanda ya ciro waya. Aka sake su kiwo, aka bar farar saniyar a ɗaure a turke. Baba ya gwada riƙe ta a sa maraƙin ya sha da ƙarfi, ta yi ta harbi har ta kusa karya masa ƙafa, dole aka bari. Rana ta take. Maraƙin ya daina kuka, ya kwanta ya miƙe wuya, kuma wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Aka yi sallar azahar. Da na yi sujada haƙarƙarina ya riƙe, na daɗe ban ɗago ba, ban ma san me nake roƙo ba.

Bayan sallah direba ya zo ya ce wa Dakta ya dubi gabas. Hadari ya haɗo, baƙi ƙirin. Ya ce in ruwan nan ya sauka kafin mu tsallake rafin, motar ba za ta fita ba sai gobe ko jibi. Dakta ya dube ni ya dubi sama, ya ce a ƙara rabin awa. Na ga Baffa ya aika an ɗauko jakata daga mota an ajiye a ƙofar bukkar Goggo.

Goggo ta kawo wa Baturiyar ruwa. Kafin ta karɓa, sai ta zaro 'yar kwalbar nan ta matsa a tafin hannu ta murza, yadda ta saba, ba ta ma san ta yi ba. Goggo ta tsaya da ƙwarya a hannu. Ta ajiye, ta cafko hannun matar ta kai hanci.

"Kai! Wannan wane irin wari ne, kamar an matse lemo a asibiti?"

Na ce man wanke hannu ne.

"Da shi ta shafa mini maraƙi?"

Na tambayi Baturiyar. Ta ce eh, ta shafa sosai ma kafin ta taɓa shi, don kada ta sa masa cuta.

Goggo ta saki hannunta. Ta je ta durƙusa ta shinshini bayan maraƙin, ta miƙe tana tafa hannu. "Ni ma da na haifi ɗa aka kawo mini shi yana wannan ƙamshin, cewa zan yi a mayar wa masu shi." Ta zagaya dangwalin, a hankali, kowa yana kallo, ta ɗebo ɗanyen kashin saniyar da hannunta ta murje maraƙin da shi tun daga kai har wutsiya. Ta sa aka kawo gishiri da garin kanwa ta barbaɗa masa a gadon baya da goshi. Ta ɗauke shi cak ta ajiye a gaban uwar, ta ja da baya.

Baffa ya ce, "Adda, wahalar da kanki kike. Ba hanci ba ne, igiya ce."

"To tsaya mu gani, malamin igiya."

Iska ta taso. Direba ya tayar da mota, baƙin suka shiga, ban da Baturiyar da ta ce ba za ta shiga ba sai da ni. Saniyar ta dubi maraƙin ta kau da kai. Ta sake dubawa. Ta miƙo wuya ta shinshina, na jira harbin, har na runtse ido. Da na buɗe sai na ga harshenta a waje. Ta lasa sau ɗaya ta tsaya. Ta sake. Sai ta shiga lasa ba ƙaƙƙautawa, da ƙarfi, har maraƙin yana gangarawa gefe. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya, ya lalubi hantsar ta gefen da ba daidai ba, ta ɗaga ƙafar baya. Na ce shi ke nan. Ashe gyara masa tsayuwa take. Da na ga wutsiyarsa ta fara kaɗawa, kumfa tana fita ta gefen bakinsa, sai kawai na ji ina kuka da ƙarfi kamar ƙaramar yarinya.

Baffa ya ce, "Shan nono ba ya goge tsallakawa. Abin da aka yanke an yanke."

Baba bai juyo ba, idonsa yana kan maraƙin. Ya ce, "Yaya, cewa na yi in bai sha ba. Ya sha." Sannan ya ce da Goggo, "A ba waccan man shanu ta riƙa shafawa a gefen. A mayar mata da jakarta, ruwa zai sauko."

Ɗigon farko ya same mu a tsakiyar rafin. Muka haye, muka kama hanyar Kiyawa. Baturiyar ta riƙe hannuna, ni kuma ina jin ƙamshin lemon nan yana tayar mini da zuciya, amma ban zare ba. Dakta ya biya da ni asibiti, suka ce ƙashi bai karye ba, bugu ne.

Ina nan a bakin aikina, ina zuwa darasin yamma. Goggo ta ce maraƙin har ya fara tsalle-tsalle. Ta ce kuma Baffa yana nan yana zuba ido, duk safiya sai ya leƙa ƙwaryar tatsa, kuma duk maraƙin da ya yi tari a daminar nan ni za a ambata. Shi ya sa in waya ta yi ƙara na ga lambarta, sai na zauna tukuna kafin in ɗauka. Ban koma gida ba tun ranar. Ban san yadda zan yi in haɗa ido da Baba ba, ga shi na ji sunana a bakinsa, shi ma ya san na ji.

Shekaranjiya Dakta ya ce wata mai zuwa za su kai baƙi wajen masu saƙa, in taimaka in rubuta musu abubuwan da ba a yi a gidan mutane. Na ce to. Na rubuta hannun hagu, na rubuta hoto, na rubuta takalmi a kan tabarma, na rubuta igiya. Takardar tana nan a ƙarƙashin matashina ban kai masa ba, don duk lokacin da na ɗauko ta sai in ji akwai sauran wani abu da ƙafata ta sani ni ban tuna ba.